Maurice a Blu-ray: na Cohen, na BFI, ko a haƙura da tsohon DVD?

Duk wanda ya tashi sayen Maurice, fim ɗin da James Ivory ya ba da umarni a 1987, zai tarar da faifan Blu-ray iri biyu a kasuwa. Akwai wanda kamfanin Cohen ya fitar a Amurka a 2017, akwai kuma wanda Cibiyar Fina-finai ta Birtaniya, wato BFI, ta fitar a 2019. Bayan su ga tsohon DVD na 2004 da har yau yake yawo a hannun masu sayar da kayan hannu, ga kuma kallo ta intanet ga wanda ba ya son tara faifai. Tun da fari gara a san abu guda: faifan Blu-ray ɗin nan biyu daga gyara ɗaya aka buga su. Hoton da ke cikin wannan shi ne ke cikin wancan. Saboda haka ba a kan kyan hoto za a yanke hukunci tsakaninsu ba, sai a kan na'urar da ke ɗakinka da kuma irin bakin da kake son ya yi maka bayanin fim ɗin bayan ka gama kallo.

Kada kuma wani ya saya a kan rashin sani. Labari ne na soyayya tsakanin maza a Ingila ta kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma akwai fitowar da ake ganin tsiraici a ciki. A Birtaniya an kayyade shi ga 'yan shekara 15 zuwa sama, a Amurka kuma yana rukunin da yaro ba ya shiga sai da babba. Ba fim ba ne na sakawa a falo yara na shige da fice. Masu nemansa galibi ɗaliban adabin Ingilishi ne, da masu nazarin fim, da masu bin ayyukan Ivory da abokin aikinsa, furodusa Ismail Merchant, ɗaya bayan ɗaya.

Marubuci ɗan Ingila E. M. Forster ya rubuta littafin da aka yi fim ɗin daga gare shi tsakanin 1913 da 1914, ya ajiye shi a akwati, bai yarda a buga ba har ya rasu a 1970. Sai a 1971 ya fito. Dalilin ɓoyewar ba wani abin mamaki ba ne. Dokar 1885 ta sa hulɗa tsakanin maza ta zama laifin ɗauri ko da a ɓoye aka yi, da ita aka yanke wa Oscar Wilde shekara biyu da aiki mai tsanani a 1895, kuma ba a sassauta ta a Ingila da Wales ba sai a 1967. Forster ya kafe a kan cewa labarinsa ba zai ƙare da mutuwa ko kurkuku ba, wanda a wancan zamani shi kansa wannan ya isa ya hana littafi ganin rana.

Amma in ka zauna ka kalli fim ɗin tsaf, minti 140 ɗinsa, za ka ga cewa rabin abin da yake faɗa a kan asali da matsayi ne. Maza uku ne a ciki, kowa da tsaninsa. Clive Durham, wanda Hugh Grant ya fito a matsayinsa, ɗan babban gida ne mai gadon ƙasa da barori, ana shirya shi ya zama lauya sannan ɗan majalisa. Maurice Hall, wato James Wilby, ɗan tsaka-tsaki ne daga unguwannin gefen Landan, makomarsa dillancin hannun jari kamar mahaifinsa. Alec Scudder, Rupert Graves ke nan, ɗan mahauci ne, ƙaramin mai kula da dajin farauta a gidan su Clive. Biyun farko sun haɗu a jami'ar Kambirij a 1909, soyayya ta shiga tsakaninsu. Da aka kama wani abokinsu, Risley, aka wulaƙanta shi a kotu aka ɗaure, sai Clive ya auna abin da zai rasa, ya ja da baya, ya yi aure. (Wannan kamun babu shi a littafi, masu fim ne suka ƙara, kuma ƙari ne mai ma'ana, don ya nuna wa mai kallo abin da ake tsoro da ido.) Shi kuwa Maurice ya yi ta neman magani wurin likitan gidansu da wani mai sa mutane barcin dabo (Ben Kingsley ne ya fito a matsayinsa), wanda a ƙarshe shawarar da ya iya ba shi ita ce ya koma Faransa ko Italiya. Ga mai karatun tarihinmu akwai wani abin lura a gefe: daga cikin irin waɗannan samari na Kambirij da Oksfod, masu wannan tarbiyya da wannan girman kai, aka riƙa ɗibar jami'an mulkin mallaka ana turowa Arewacin Nijeriya da Sudan. In kana son ganin gidan da aka yi renon Di'o, ga shi nan.

To, a nan ne batun ingancin hoto ya shigo, kuma a nan nake ganin tsohon DVD ya faɗi. Ivory ba ya sa ɗan wasa ya tsaya ya yi jawabi a kan bambancin mai kuɗi da talaka. A cikin tufa yake sa shi, da wurin tsayuwa, da wanda ake gani da wanda ba a gani. Alec ya daɗe yana gilmawa a bayan fage kafin labari ya waiwaye shi: yana can gefen mota, yana can bakin lambu, yana riƙe da kaya. Dabara ce, don mai kallo ya yi masa irin kallon da masu gida suke yi masa, wato rashin kallo. A DVD, mai layi 480 kacal, fuskarsa a can nesa dusu-dusu take, ba ka sanin idonsa a kan wa yake. A Blu-ray, mai layi 1080, sai ka ga ashe tun tuni yana lura da Maurice. Kallo na biyu ya zama wani fim daban.

Ɗauki daren da rufin falon Pendersleigh, gidan su Clive, ya fara yoyo. Ruwa na ɗiga a kan fiyano, manyan gida na zaune da kayan cin abincin dare, babu wanda ya ga abin a matsayin aikinsa. Aka buga ƙararrawa, aka kira barori, aka shigo da Alec daga waje don ya taya janye fiyanon, su kuwa suka watse zuwa barci. Maurice ne kaɗai ya tsaya ya sa hannu. A sabon gyaran kana ganin tabon danshi a silin, kana ganin yadda baƙar kwat mai santsi ta tsaya kusa da kaurin yadin ma'aikaci, kana gane cewa gidan nan mai suna ya fara ruɓewa daga sama kuma masu shi sun gwammace a kawo kwano a tara da a gyara. Jenny Beavan da John Bright, waɗanda suka yi suturar fim ɗin, sun shiga takarar Oscar da wannan aiki, kuma sai a Blu-ray za ka san dalili. Haka wasan kurket ɗin da ake yi tsakanin mutanen gida da na ƙauye: kowa sanye da fari, amma ba fari ɗaya ba ne, kuma Alec da ke jagorantar ƙungiya dole ya sauka ya ba Clive wuri da zarar mai gida ya iso, ba don ya fi shi iya wasa ba.

Gyaran da ake magana Cohen ne ya ɗauki nauyinsa bayan ya sayi tarin fina-finan Merchant Ivory a 2015. An koma kan asalin zaren fim aka kwafe shi a ma'aunin 4K, Ivory da mai ɗaukar hotonsa, Bafaranshe Pierre Lhomme, suka duba suka amince, aka mayar da shi silima a 2017 don cikarsa shekara 30. Lhomme ya rasu a 2019, don haka wannan ita ce kalmarsa ta ƙarshe a kan yadda yake son a ga aikinsa. A lura, 4K ɗin a wurin gyara yake, faifan da za ka saya 1080 ne. Wanda ya saba da DVD zai ji launin ya ɗan yi sanyi, ya karkata wajen shuɗi-shuɗi, wasu ɗakunan kuma sun ƙara duhu. A ganina wannan ya fi dacewa da Ingilar da fim ɗin yake nufi, ƙasar ruwan sama da hazo da ɗakunan katako, ba ta katin gaisuwa ba. Amma in launin bai yi maka ba, sauya daga Cohen zuwa BFI ba zai raba ka da shi ba. Hakanan za ka ga siraran baƙaƙen layuka a dama da hagu na allo, saboda an ɗauki fim ɗin a faɗin 1.66 ne. Ba lahani ba ne, kada ka matsa maɓallin da zai ja hoton ya cika allo ya faɗaɗa wa mutane fuska.

Yanzu ga abin da yakan raba gardama tun kafin a kai ga son rai. An kasa duniya shiyya uku a harkar Blu-ray. Shiyyar A ita ce nahiyar Amurka da gabashin Asiya irin su Japan da Koriya. Shiyyar B ta haɗa Turai, Afirka, Gabas ta Tsakiya da Ostareliya. Sauran, irin su Indiya, Sin da Rasha, suna C. Faifan Cohen na kasuwar A ne, na BFI na kasuwar B. Na'urar da aka saya a Kano, Yamai, Akara, Jidda, Dubai ko Landan, in dai ta hanyar dillalan yankin ta zo, B ce, kuma faifan BFI ne zai yi mata. Matsalar ita ce kayan lantarkinmu da yawa na hannu ne, kuma ba a tambayar daga ina suka taso. Wanda yake kallo da PlayStation ɗin da ɗan'uwa ya aiko daga Amurka, na'urarsa A ce ko da a Zariya take zaune, don wasanninta ba su da shinge amma faifan fim yana da shi. Juya na'urar ka duba bayanta ko ƙasanta, galibi akwai ɗan tambari da harafi a ciki. In babu, lambar samfurin za ta gaya maka. Akwai na'urorin da aka buɗe su suna cin kowace shiyya, kuma mai irin wannan ne kaɗai yake da zaɓi na gaskiya. Kowa kuma harafin na'urarsa ya riga ya zaɓar masa.

Sai mu ɗauka kana da zaɓin. Bambancin yana cikin kayan ƙari.

Na Cohen faifan masu aikin ne. Ivory ne ke magana kusan ko'ina: shi da Lhomme suna tuna yadda aka yi ɗauka, shi da Lhomme a gaban 'yan kallo suna amsa tambayoyi, shi da darakta Tom McCarthy suna doguwar hira irin ta abokan sana'a. Sannan an kwaso tsofaffin hirarrakin DVD na 2004, inda Wilby, Grant, Graves da marubucin fim ɗin Kit Hesketh-Harvey suke ba da nasu labarin. Wannan kwasowar tana da daraja, domin lokacin abin bai yi nisa a ƙwaƙwalwarsu ba sosai, kuma furodusa Ismail Merchant yana da rai, sai a 2005 ya rasu. A irin waɗannan hirarraki ne ake jin ƙananan labaran bayan fage: cewa Julian Sands aka fara ba matsayin Maurice ya janye dab da fara aiki, cewa kwalejin King's ta jami'ar Kambirij, wadda Forster ya bar wa haƙƙin littattafansa, ta yi ɗari-ɗari kafin ta ba da izini, sannan ta buɗe ƙofarta aka yi ɗauka a cikinta. Rauninsa shi ne maimaici. Dattijo ɗaya ne ake yi wa tambaya iri ɗaya a zama daban-daban, dole ka ji labari guda sau biyu ko uku. Kuma mai aiki, komai gaskiyarsa, ba shi ne zai gaya maka inda aikinsa ya yi rauni ba.

Na BFI faifan ɗalibi ne. Ya ɗauko hirar McCarthy da zaman tambaya da amsa daga na Amurka, ya ƙara sabuwar hira da James Wilby, da ɗan gajeren zama da shi da Hugh Grant. Amma abin da ya sa nake fifita shi shi ne sharhin Farfesa Claire Monk ta jami'ar De Montfort, wanda ke tafiya tare da fim ɗin daga farko har ƙarshe. Ta daɗe tana nazarin wannan nau'in fina-finan tarihi na Birtaniya da masu kallonsu, kuma irin aikin da sharhinta yake yi ke nan: ya ajiye fim ɗin a zamaninsa biyu. Zamani na farko shi ne na labarin. Na biyu shi ne 1987, lokacin da cutar ƙanjamau ta jefa tsoro a Birtaniya, jaridu na hura wuta, gwamnatin Margaret Thatcher kuma na dab da kafa Sashe na 28 a 1988, wanda ya hana ƙananan hukumomi duk abin da za a kira tallata soyayyar jinsi ɗaya. A bikin fina-finai na Venice fim ɗin ya kwashi kyaututtuka, Ivory ya sami Zakin Azurfa, Wilby da Grant suka raba kyautar gwarzon ɗan wasa, Richard Robbins ya karɓi ta kiɗa, amma a gida tarbar ta yi sanyi-sanyi. Wanda bai tashi a Ingila ba yana bukatar mai ja masa gora a irin waɗannan wurare. Kallon fim ɗin ba tare da wannan bayani ba kamar zuwa hawan salla ne a garin da ba ka san kowa ba: za ka ga dawakai da ado, amma ba za ka san me ya sa wannan ya riga wancan wucewa ba.

Dukansu biyu suna ɗauke da fitowar da aka yanke, fiye da rabin awa, kuma kada ka tsallake su. A ciki ake ganin cewa da farko an so a gina fim ɗin ta hanyar waiwaye ne, a fara daga gaba a dawo baya, kafin a haƙura a miƙe shi. A ciki ne kuma ake ganin ƙarshen Risley bayan hukunci, abin da fim ɗin da aka fitar ya bari a rufe. A faifan Cohen, Ivory ne ke bayanin dalilin yankewa. A na BFI, Monk ce ke sharhi. A wannan gaɓa kam na Cohen ya fi, domin tambayar "me ya sa ka cire?" mai almakashin ne ya fi dacewa ya amsa ta.

Batun sauti gajere ne. An yi wa fim ɗin sabon haɗi mai lasifika shida, amma fim ne na magana, ba na harbe-harbe ba. In da lasifikar talabijin kake ji, zaɓi mai hanya biyu, muryoyi za su fi fitowa. Inda babban sauti yake biyan kuɗinsa shi ne waƙar cocin King's da kiɗan Tchaikovsky da samarin ke saurare a ɗakin kwaleji. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne rubutun ƙasan allo, kuma ka tabbata an ambace shi a bayan kwali kafin ka biya. Turancin fim ɗin hawa-hawa ne. Na Clive da mahaifiyarsa a taƙaice yake, rabin ma'anarsa a cikin abin da ba a faɗa ba. Na Alec na ƙauye ne, yana haɗiye baƙaƙe. Na Simcox, babban baran gidan, ladabi ne a sama, habaici a ƙasa, kuma in jimla ɗaya tasa ta wuce ka ba za ka gane cewa ya san komai ba. A fitowar Gidan Tarihi na Birtaniya, inda Maurice da Alec suke zagaye manyan gumakan Assuriya kowa na tsoron ɗan'uwansa, ɗaya na tsoron a tona masa asiri don kuɗi, ɗaya na jin an raina shi, tsohon malamin Maurice ya ci karo da su ya kasa tuna sunan ɗalibinsa. Maurice ya ba shi sunan Scudder a matsayin nasa. Kalma ɗaya ce, cikin sauri aka faɗe ta, kuma a kanta labarin ya juya: ɗan tsaka-tsaki ya ari sunan bara. Mai jin Turanci na makaranta zai iya rasa ta in babu rubutu.

DVD na 2004, mai faifai biyu, wanda ya fito a jerin Merchant Ivory ƙarƙashin kamfanonin Criterion da Home Vision, ya yi zamaninsa da mutunci. Yau ba shi da hujja sai ga wanda ba shi da na'urar Blu-ray sam, ko mai ƙaramar talabijin da bambancin ba zai fito ba. Shi ma na shiyya ta 1 ne, ta Amurka, sai dai na'urorin DVD masu araha da suka cika kasuwanninmu yawanci ba su damu da shiyya ba. Hirarrakinsa, waɗanda su ne dukiyarsa, suna cikin na Cohen.

Kallo ta intanet kuwa ya dace da mai son ya gani sau ɗaya ya san ko zai saya. Sai dai a yi lissafi. Hoto mai inganci yana iya cin kusan gigabayit 3 a awa, fim ɗin kuma awa biyu da minti ashirin ne. Ko an biya wannan data, ana matse hoton fiye da na faifai nesa ba kusa ba, kuma inda matsin yake fara nunawa shi ne wurare masu duhu da hazo da ruwan sama. Su ne kuwa mafi yawan rabin fim ɗin na biyu: daren da Alec ya hau tsani, rumfar kwale-kwale a bakin tafki, lambun da Maurice ya tsaya ya gaya wa Clive gaskiya. Ba sharhi, ba fitowar da aka yanke, kuma abin da yake nan a wannan wata a wannan ƙasa yana iya ɓacewa a wata mai zuwa.

Ni dai, ga mai na'urar B, da mai na'urar da ke cin kowace shiyya, BFI zan ce. Mai rubuta kundin digiri a kan Forster ko a kan fina-finan tarihi na Birtaniya ma bai kamata ya tsaya tunani ba. Na Cohen na mai na'urar A ne, da mai sha'awar sana'ar kanta, wanda ya fi son jin yadda aka haska ɗaki da yadda aka zaɓi 'yan wasa daga bakin waɗanda suka yi. Sayen duka biyun ɓarnar kuɗi ce sai ga mai tarawa. In na hannu za ka saya, tambayi mai sayarwa abu biyu: ko faifai na biyu yana ciki, don a kansa yawancin kayan ƙarin suke, da kuma ko akwai ɗan littafin maƙaloli, domin BFI ta saba sa shi a bugun farko kawai.